Hoton Da Ban Tsaya An Ɗauka Ba

"Ɗauki ki gani!"

Wayar Yaya ta faɗo kan cinyata tun ban gama cire takalmi ba.

"Yaya, lafiya?"

"Lafiyar ke nan! Ɗauki ki ga abin da ƙanwata take yi a bayan shagon mutane!"

Umma na zaune a bakin gado, ta juyar da fuskarta ga bango. Ko kallona ba ta yi ba.

Na ɗaga wayar.

Ni ce...

Ni ce da koren mayafina, na ɗaga fuska sama, idanuna a lumshe. Ga Tsami, saurayin da ke neman aurena, ya sunkuyo kaina, bakinsa kamar a kan goshina, hannunsa kamar ya zagaye kafaɗata.



"Innalillahi! Umma, wallahi ba haka ba ne!"

"To aljanarki ce ta ari mayafinki?" Yaya ya daka mini tsawa. "Ke ce ko ba ke ba ce?"

"Ni ce, amma..."

"Shi ke nan! Mutumin da bai kai ga aurenki ba ya riga ya mai da ke haka, in ya aure ki me zai mai da ke? Iyayensa da suka ce za su zo, na riga na aika su yi zamansu!"

"Yaya, wa ya turo maka hoton nan?"

"Wani mai tsoron Allah. Ban san lambar ba, ban kuma damu in sani ba."

Sai a lokacin Umma ta yi magana, muryarta can ƙasa.

"Auta, da ma ban so sana'ar nan ba. Don dai Oga aminin mahaifinki ne, ya ce zai riƙe ki kamar 'yarsa, shi ya sa na bari. Yanzu da wane ido zan kalli bawan Allahn nan?"

"Aiki za ki ci gaba da zuwa," Yaya ya ce yana karɓe wayarsa. "Oga kaɗai na yarda da shi. Amma in na sake jin ƙafarki ta taka shagon ɗan iskan nan, sai na karya ta!"

Na shige ɗakina na faɗa kan katifa. Kuka ma ya ƙi zuwa. Abin da nake ji kawai shi ne kamar an watsa mini ruwan kwata.

Wani ya tsaya a wani wuri yana kallona, ni ban sani ba.

*

Ni mai ɗaukar hoto ce. Tun rasuwar Abba nake aiki a situdiyon Oga, shi ya koya mini riƙe kyamara, shi ya koya mini karanta haske a fuskar mutum. Dattijo ne mai furfura a gemu, ba ya kirana da komai sai "'yata".

Da kyamarorinmu suka tsufa, ni ya aika in zaɓo sababbi.

"Idonki ya fi nawa yanzu, 'yata. Je ki gwada, wadda kika ce ita za mu ɗauka."

A nan na haɗu da Tsami.

Yana da shagon sayar da kyamarori da ba da hayarsu. Masu hoto ne suka sa masa Tsami, saboda bai taɓa yabon kaya ba, ko da kuwa nasa ne.

Ranar farko na nuna wata ƙatuwar kyamara a cikin gilashi na ce, "Wannan nake so in gani."

Ko ɗagowa bai yi ba.

"Me ta yi miki?"

"An ce ita ce sabuwa."

"Sabuwa ce. Ɗauki hoton hannunki da ita."

Na ɗauka, na duba.

"Kai! Me ya sa fatata ta koma kamar na yi birgima a toka?"

"Yauwa. Farar fata ta sani. Mu baƙaƙe sai kin zauna a kwamfuta kina roƙonta. In amare za ki ɗauka da ita, ki shirya gudu."

Na tuntsire da dariya, shi kuwa ko murmushi.

Haka muka ɗauki makonni muna gwaji. Mu kashe fitilar shago mu ga wace ce ke cika hoto da yashi-yashi in haske ya yi ƙasa. In yi tafiya zuwa wajensa da sauri, ya ga ko kyamara za ta kama idona ko za ta kama kantar da ke bayana. Mu ɗaura lensi, wato idon da ake sa wa kyamara a baki, mu ɗauki bangon bulo, mu duba ko gefe da gefe sun fito raɗau kamar tsakiya. Wani lensin na haska shi da tocila na ga funfuna ta yi saƙa a ciki kamar yanar gizo.

"Tir! Wannan kake ba mutane haya?"

"Wannan na ajiye ne don in gane wanda ya san aikinsa. Ke ce ta farko da ta haska."

"To na ci jarrabawa?"

Ya daɗe yana kallona.

"Kin ci har da mai jarrabawar," ya ce, ya yi saurin sunkuyar da kai.

Daga ranar ya daina ce mini Malama. Na koma "hasken idona".

Ni kuma duk tsaminsa, ban taɓa jin zaƙin mutum kamar nasa ba.

*

Da safe na roƙi Anti, matar Yaya, ta turo mini hoton a ɓoye.

"Auta, in ya gane, ni kika kashe," Anti ta raɗa mini.

"Ba zai gane ba, Anti. Don Allah."

Na buɗe shi a kwamfutata, na danne zuciyata na daina kallon fuskokinmu, na kalle shi kamar aikin wani da aka kawo mini in duba.

Na tuna ranar. A lungun bayan shagon ne, muna gwada wata kyamara a rana. Mun kafa ta a kan ƙafarta, ni na tsaya a gabanta, hasken rana ya sa na rufe ido. Tsami kuwa yana can baya, nesa da ni sosai, ya sunkuya yana miƙa hannu zai gyara ƙyallen da muka rataya a bango.

Ko inuwarsa ba ta taɓa ni ba.

Amma lensi mai zuƙo nesa haka yake. In ka tsaya can nesa ka zuƙo, sai ya matse na gaba da na baya kamar an manna su. Wanda ya ɗauki hoton nan ya san haka. Ya zauna ya jira, har sai da bakin Tsami ya zo daidai goshina, sannan ya danna.

Ba ɗan koyo ba ne.

Na ƙara girman hoton. Can bayanmu akwai 'yan ƙananan ƙwayayen fitila na shagon mai waya, waɗanda ba a kashe su ko da rana. Sun fito dishi-dishi, ɗigo-ɗigo. Lensi mai lafiya zagayayyu yake fitar da su.

Waɗannan kuwa kowanne da ɗan gibi a gefe, kamar ɓera ya gutsira.

Na dafe ƙirji.

Na san lensin nan!

Wani dogon farin lensi ne a shagon Tsami. Ya taɓa faɗuwa, ɗaya daga cikin 'yan ƙarafan da ke tsukewa a cikinsa ya lanƙwashe. Da hannuna na gwada shi, da bakina na ce ba ma so.

Na figi mayafi. Ƙafar da Yaya zai karya, ya karya.

*

Yana goge wata kyamara na shiga. Ya miƙe da sauri.

"Hasken idona! Tun jiya nake kiranki..."

Na ajiye masa kwamfutar a kan kanta.

"Wa ka ba hayar farin lensin nan?"

Ya kalli hoton.

Abin da ya fara kashe mini jiki shi ne bai razana ba. Bai ce innalillahi ba, bai ce wa ya yi wannan ba. Idonsa kawai ya sauke ƙasa.

"Tsami... ka taɓa ganin hoton nan?"

Ya kau da kai gefe.

"Magana nake maka!"

"Zauna, masoyiyata, in miki bayani."

"Ba zan zauna ba! Ka taɓa ganinsa?"

"Na gani," ya ce a hankali. "Tun kafin ya je wa Yaya."



"Wa?"

"Oga ne."

"Ƙarya kake!"

"Wallahi shi ne. Ya ce wasan ƙwallo zai ɗauka, na ba shi. Da ya dawo da lensin ya nuna mini hoton a wayarsa. Ya ce in rabu da ke, ko ya tura gidanku, kuma ya hana duk yaransa da abokansa karɓar haya a wajena."

"Kai kuma ka ce me?"

"Na ba shi haƙuri..."

"Haƙuri?"

"Na zaci barazana ce kawai! Na ce in lallaɓa shi har ya huce. Ban so hankalinki ya tashi ba, hasken idona."

Na yi wata dariya da ni kaina ban san ina da irinta ba.

"Kai da kake kallon kyamara mai tsada ka ce mata banza a gaban mai ita! Kai da ba ka tsoron faɗin aibin gilashi! Aka zo kan mutuncina sai bakinka ya mutu?"

"Ki saurare ni..."

"Kullum ina zuwa situdiyon nan, ina gaishe shi har ƙasa, ina zuba masa ruwa a kofi, kai kana nan ka sani! Ka bar ni ina yi masa murmushi!"

Ya miƙo hannu kamar zai riƙe gefen mayafina.

Na ja baya da sauri.

"Kada ka taɓa ni. Wallahi ƙyamarka nake ji."

Na ga maganar ta shige shi kamar wuƙa. Ban damu ba. Na ɗauki kwamfutata na fita.

*

Oga na ofishinsa, ƙamshin turarensa ya cika wurin. Turaren da na saba ji tun ina yarinya, in ya zo wajen Abba.

"'Yata! Yau kin makara."

Na tsaya a bakin ƙofa, na bar ta a buɗe.

"Baba, kai ka tura wa Yaya hoton nan?"

Na zaci zai musa. Na ma so ya musa.

Murmushi ya yi, ya gyara zama.

"Ɗigon fitilar nan ne ko? Na san za ki gani. Kai, na iya koyarwa!"

"Me na yi maka?"

"Me kika yi mini? Ceton ki na yi. Wannan yaro mai fuskar shanu, me zai ba ki? Ni na raine ki a sana'ar nan, na zuba ido kina girma a gabana, sai wani can ya zo ya ɗauke?"

"Kana kirana 'yarka..."

"Ai ba ni na haife ki ba." Ya lashi leɓe. "Zo ki ga wani abu. In kin gani za ki san wa ke sonki da gaske."

Ya juyo da babbar kwamfutarsa wajena.

Ni ce.

Ni ce ina cin abinci a bayan situdiyo, bakina a buɗe. Ni ce barci ya sace ni a kujera, mayafina ya zame. Wuyana. Yatsun ƙafata ina wanke su a bakin famfo. Ni a ƙofar gidanmu da zanen barci ina zubar da shara.

Har ƙofar gidanmu!

Yana ta wucewa da su da yatsa ɗaya, yana lumshe ido.

"Dubi wannan hasken a kumatunki. Babu wanda ya taɓa ganinki kamar yadda nake ganinki. Shekara da shekaru..."

Wasu hotunan, kayan da ke jikina tun na shekarar da Abba ya rasu ne.

Na toshe bakina da mayafi.

"Goge su."

Ya yi dariya.

"Aikin rayuwata? Ki kwantar da hankalinki, in komai ya lafa zan je in samu Ummanki. Yanzu da sunanki ya ɗan ɓaci, wa zai rufa miki asiri in ba ni ba?"

Na cire katin aiki daga wuyana na sake shi a ƙasa. Ko miƙa masa ban iya yi ba, kada yatsunmu su haɗu.

"Allah ya isa tsakanina da kai. Allah ya isar wa Abba."

Da na isa gida, wanka na yi ta yi har sabulu ya ƙare. Duk da haka ji nake kamar idonsa na manne a bayan wuyana.

*

Yaya bai yarda ba.

"Oga? Aminin Abba? Ke ko kunya ba ki ji! An kama ki, shi ne za ki shafa wa dattijo?"

"Yaya, na ga hotunan da idona!"

"Ni ma na ga naki da idona!"

Umma kuka kawai take yi. Ban sani ba ko ni take yi wa kuka, ko ƙaryar da take zaton na yi.

Na daina cin abinci. Na daina fita ko ƙofar gida. In zan zubar da shara sai in ji kamar ana kallona daga kowace mota. Tsami ya yi ta kira har na rufe wayar.

Wata safiya Anti ta shigo ɗakina da doguwar jaka.

"Wani ya kawo. Ya ce ba sai kin gan shi ba. Ya ce ke kin san abin da za ki yi da shi."

Na zuge.

Farin lensin ne, da kyamara.

Kamar in yi jifa da shi. Na kai hannu na janye, na sake kaiwa na janye. Abin da aka leƙe ni da shi ke nan.

Sai na ji Yaya a waje yana wanke motarsa.

Na sa tsumma na riƙe lensin, na ɗaura shi. Na fita ta ƙofar baya, na zagaya har ƙarshen layinmu, na tsuguna a bayan wata mota.

Yaya na tsaye a ƙofar gida, ya turo baki yana hura ƙurar da ke kan madubin mota. Can bayansa da nisa, mai kwasar shara ya tsaya da kurarsa yana share gumi.

Na jira...

Na danna.

Na dawo na miƙa masa kyamarar a gaban Umma da Anti.

"Yaya, ɗan duba mini wannan."

Ya duba. Idonsa ya fito waje.

Ga shi nan raɗau, ya turo baki yana sumbatar kumatun mai shara, kurar shara kamar a kan cinyarsa.

"Kai! Kai! A'uzubillahi! Yaushe na yi wannan?"

Anti ta leƙa, ta faɗi ƙasa tana riƙe ciki.

"Maigida! Ashe kishiyar tawa..." Dariya ta hana ta ƙarasawa.

"Rufe mini baki! Mutumin nan yana can wajen turken wuta, ni ina nan! Wallahi ko gaisawa ba mu yi ba!"

"Kai ne ko ba kai ba ne, Yaya?" na tambaye shi.

Ya sake ƙura wa hoton ido.

Na ƙara girman hoton, na nuna masa ƙyallin rana a gilasan motocin da ke baya. Kowane ɗigo da gibinsa. Na ce ya buɗe wancan hoton a wayarsa. Ya buɗe, ya kalli wannan, ya kalli wancan.

Umma ta karɓi wayar ta kai kusa da idonta. 

"Mutumin da ya yi wa mahaifinku wanka..." ta ce. "Mutumin da nake dafa wa abinci in aika masa..."

Ta jawo ni jikinta.

"Yafe mini, Auta. Yafe mini, 'yar albarka."

A nan ne kukan da ya ƙi zuwa ya ɓalle mini.

*

Abin da ya faru a situdiyo, Yaya ne ya ba mu labari.

Ya je a fusace, sai ya tarar an riga shi. Masu hoto sun cika wurin, manya da yara. Tsami ne ya bi su shago-shago ya tara su.

"Yana tsaye a tsakiya," Yaya ya ce, "jikinsa na ɓari kamar mai zazzaɓi, amma bai fasa ba. Ya faɗi komai. Har da cewa shi ya ba da lensin, shi ya fara ganin hoton, ya yi shiru don tsoro. Wani ya ce masa, kai ma ai ba ka da kirki. Ya ce, na sani."

"Oga fa?" Anti ta tambaya.

"Da farko zagi ya yi ta yi. Ya ce duk wanda ya sake taka shagon Tsami ba shi ba shi. Sai wata yarinya da ke gyara musu hotuna ta miƙe ta ce a buɗe kwamfutar, ita ma tana son ta ga ko tana ciki."

Yaya ya tofar da yawu ta taga.

"Tana ciki. Ita da wasu."

Ya ciro wani ɗan baƙin akwatin ƙarfe daga aljihu, da 'yan memorin kyamara a leda.

"A gaban kowa aka goge na kwamfutar da na wayarsa. Waɗannan su ne ma'ajiyarsa. Sauran 'yan matan sun ce a kawo miki."

Na ɗauko guduma a ɗakin ajiya. A tsakar gida na yi ta dukansu har sai da hannuna ya yi kanta. Na share garin da tsintsiya, na zuba a shara tare da tsintsiyar.

Yaya ya daɗe a tsaye yana sosa ƙeya.

"Auta... wancan hoton nawa da mai shara..."

"Yana nan, Yaya."

"Haba ƙanwata!"

*

Ban yafe wa Tsami da wuri ba.

Yaya da kansa ya koma roƙona.

"Yaron nan ya yi asara fa. Manyan da ke tare da Oga duk sun janye daga shagonsa."

"Shi ya sani."

"Ya rame."

"Ni ma na rame."

Umma ce ta gaji. Wani yammaci ta leƙo ɗakina.

"Tashi ki je, yana ƙofar gida. Kullum sai ya zo ya tsaya kamar maigadi, maƙwabta sun fara tambayata ko albashi muke ba shi. In korarsa za ki yi, je ki kore shi da bakinki."

Na fita fuskata a ɗaure.

Da ƙyar na gane shi. Gemu ya cika masa fuska, riga ta yi masa yawa.

"Hasken..." Ya haɗiye sauran. "Ina wuni."

"Lafiya."

"Ban zo kare kaina ba. Na ce miki don kada hankalinki ya tashi na yi shiru. Ƙarya ne. Shagona na ji wa tsoro. Na auna ki da shago, na tsaya ina lissafi. Ko ni in na tuna sai in ji ƙyamar kaina."

Ban yi zaton zai faɗe ta haka tsirara ba.

"Ka san abin da ya fi ƙona mini rai?" na ce. "Shi ya kalle ni ban sani ba. Kai kuma ka yanke hukunci a kaina ban sani ba. Dukanku babu wanda ya tambaye ni."

Hawaye ya gangaro masa cikin gemu.

"Gaskiya ne."

"Ni ba jaririya ba ce, Tsami. Duk abin da ya shafe ni, ni zan fara ji. Ko mai ɗaci ne. Ko zai kashe ni!"

"Na yi alkawari."

"Kada ka yi mini alkawari da sauri haka!"

Ya ɗago ya kalle ni cikin ido.

"To ga na farko. Shagon ba lallai ya kai ƙarshen shekara ba. In kin aure ni, wahala za ki fara aura. Ga na biyu... ko kin aure ni ko ba ki aure ni ba, ba zan iya daina sonki ba. Na gwada, masoyiyata. Wallahi na gwada."

Zuciyata ta karye. Na juya masa baya don kada ya ga fuskata.

"Ka je ka aske gemun nan. Ka koma kamar wanda aka sako daga asibiti."

"In na aske... in dawo?"

"Ka dawo."

Na ji Anti ta saki guɗa a bayan ƙofa, Umma na ce mata, "Ke, ki rufa mana asiri!"

*

Shagon bai mutu ba. 'Yan matan da suka bar situdiyon Oga su suka fara zuwa haya, suka jawo wasu. Na kafa ɗan situdiyona a ɗakin baya.

Aka ɗaura mana aure.

Muna cikin jera kaya a sabon gidanmu aka ƙwanƙwasa ƙofa. Tsami ya fita, ya dawo fuskarsa a murtuke, hannunsa babu komai.

"Zuciyata, akwai wani kwali a bakin ƙofa. Ban shigo da shi ba, ban kuma mayar ba sai kin ji. Daga Oga ne. Wai gudummawa."

Na fita. Babban kwali ne, an naɗe shi da takarda mai ƙyalli. Direban da ya kawo yana tsaye yana washe baki.

"Ya ce a gaishe da amarya. Ya ce a yafi juna."

Ban sa hannu ba.

Da ƙafa na tura shi, na tura, na tura, har ya gangara daga kan dakali ya faɗa gaban direban.

"Ka mayar masa. Ka ce ko a hanya ya gan ni, ya runtse ido har in wuce."

Na rufe ƙofa. Na cire takalmin da na taɓa kwalin da shi, na riƙe shi da yatsa biyu.

Tsami ya kalle ni, ya kalli takalmin.

"In kawo ruwa da sabulu?"

"Kawo ashana," na ce.